Shekarar da Na Rasa Haƙoran Aiki

Duk hutun makaranta sai an turo mini 'yan jami'a, 'ya'yan Maraɗi da Tawa da Damagaram, wai su ɗan taɓa aiki kafin a koma karatu. Suna shigowa wurin aikinmu a Aubervilliers, nan gefen Paris, su ga takarda da katako da soso, sai in ga fuskarsu ta saki. Wani ma har fitowa fili ya yi ya ce, "Baba Isufu, ashe ambalaj ne kawai, ɗaurin kaya? Ai wannan fasil ne, ba wuya." To, ku gyara zama in gaya muku abin da ke cikin "kawai" ɗin nan.

Aikinmu shi ne ɗaure tulunan ado da kai su inda za a kai su. Faransawa suna da sunan da suke kiransu, ni dai tulu nake ce musu tun ranar farko, har Turawan da muke aiki tare sun kama. Ba tulun ruwa ba ne, yawancinsu ko fure ba a taɓa sa musu ba. Sama da shekara ɗari da suka wuce, lokacin da injuna suka fara zubo kwanuka da tangaran iri ɗaya, wasu magina a ƙasar nan suka ce su kam sun gaji, suka koma ginin hannu. Suka riƙa gina tulu mai siffar gora, mai siffar kabewa, wani da ƙadangare yana hawa wuyansa, wani ganyen bado ya naɗe masa ciki. Sai su shafa masa wani ruwa da ke zama gilashi in ya sha wuta, su bar shi ya zubo yadda ya ga dama. A Mirya, garin kakata, in tukunya ta fito daga wuta da zubi-zubi haka, gefe ake ajiye ta. Nan kuwa wannan zubin shi ake nema, don babu biyu da suka yi kama. Tunda kuwa babu biyu da suka yi kama, babu akwatin da zai yi wa biyu. Wahalarmu daga nan ta fara.

Kafin in shigo wannan sana'a, dako nake yi a kasuwar Rungis, buhunan albasa da kwandunan kabeji. Wani ɗan garinmu ne ya kai ni wurin tsoho Gaston, mai wannan wurin a lokacin, ya ce yana neman mai hannu. Na je masa da ƙarfina, ina ji da shi. Ya dubi damatsana, ya ce, "Wannan ka ajiye shi a bakin ƙofa tare da takalman kasuwa." Ya sa na cire zoben azurfata da agogo, na fitar da tasbaha daga aljihun ƙirji, na juya kan bel ɗina zuwa baya. Daga nan ya ba ni tarin takarda mai laushi, ya ce in yaga in dunƙule. Damina ta wuce, sanyi ya shigo, ina nan ina dunƙula takarda. In na dunƙula da ƙarfi ya ce na yi dutse, in na sassauta ya ce na yi iska. Na sha cewa gobe ba zan dawo ba, gari na wayewa in gan ni cikin jirgin metiro.

Tulun farko da ya bari na taɓa wani ɗan ƙarami ne ruwan zuma, mai kwaɗo zaune a kafaɗarsa. Ya ce in kawo masa. Na tallabo shi da hannu biyu, na ɗan rusuna, na miƙa masa yadda aka koya mini miƙa wa babba abu. Tsohon nan ya mai da hannuwansa baya, ya tsaya yana kallona. Na ƙara miƙawa. Ya ce, "Ajiye a tebur." Raina ya ɓaci ƙwarai, na ɗauka ƙyamar hannuna yake yi. A gidanmu in ka dire wa babba abu ka ce ya ɗauka da kansa, ranar sai ka sha mari. Da na ajiye, ya ɗauka, sannan ya ce, "Tulu ba ya faɗuwa daga hannun mutum ɗaya. Tsakanin hannun mutum biyu yake faɗuwa, kai kana cewa na riƙe, ni ina cewa ba ka saki ba." Har yau 'yan gida da ke zuwa aiki a nan wannan ne kuskurensu na farko, kuma mai ladabin cikinsu ya fi kowa wuyar gyaruwa.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Zarto, wuƙar yanka soso, turnabis na murɗa ƙusa, ɗan madubi a bakin waya, tocila, auduga. Guduma tana nan amma ba ta kusantar akwatin da ke da tulu a ciki, murfi da ƙusa mai murɗawa ake rufe shi. Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne allunan da muke yanka wa rami daidai jikin tulun, mu liƙa musu soso, su riƙe shi a tsaye cikin akwati. Ni na sa musu suna ɗamara. Dogon tulu dole a ɗaura masa ɗamara a wani wuri, ko a ƙugu, ko a ciki, ko a kafaɗa. A nan aikin yake. Tulun da ya haura shekara ɗari a gidajen mutane, da yara da kuliyoyi da masu shara, da wuya ka samu wanda bai taɓa jin ciwo ba. An liƙa da gam, an cike, an shafe da fenti, ido ba ya gani. In ɗamararka ta sauka a kan tsohon gyara, girgizar hanya za ta buɗe shi, ka buɗe akwati ka tarar da tulu biyu. Don haka kafin ka yanka katako, sai ka san inda ciwon yake.

Kada kuma ku ce za ku tambayi mai shi. Ban taɓa haɗuwa da mai tulun da ya ce nasa ya taɓa faɗuwa ba. Dillalan kasuwar tsofaffin kaya sun sani, su yi shiru. Magada ba su sani ba, su rantse. Akwai wata mata da ta bi ni har bakin kamiyo, motarmu ta kaya, tana cewa kakarta ko ƙura ba ta bari ta sauka a kansa ba, alhali hannayen tulun nan duka biyu na aro ne.

Wata rana aka kawo wani tulu ja mai dogon wuya. Gaston ya juya shi a haske, ya bi shi da farce, sannan ya sunkuya ya kai masa baki. Na ce a raina tsufa ya fara taɓa mutumin nan. Ya ɗago ya ce, "Zo ka ciza." Ashe wannan shi ne sirrin sana'ar. Shafen gaskiya, wanda ya sha wuta, in ka ɗan ƙwanƙwasa shi da haƙorin gaba za ka ji ƙis, tauri irin na gilashi yana ratsa ka har cikin kai. Inda aka gyara kuwa sai haƙorin ya ɗan nutse, shiru, kamar ka ciji sabulu. Ya koya mini in janye leɓɓana sama da ƙasa don kada yawu ya taɓa kayan mutane, in bi tulun a hankali daga baki zuwa gindi. Cikin ikon Allah haƙorana suka fi nasa ji. Goro ya rina su, amma a fagen nan ba su taɓa ba ni kunya ba. Har ta kai dillalai suna cewa a kai wa mutumin Gaston ya ɗanɗana.

Abin bai tsaya a wurin aiki ba. Alhaji Mahamat, ɗan Cadi mai shagon sari da ke kallon tagarmu, ya tare ni ranar Juma'a a ƙofar masallacinmu na Stains. Bayan mun gaisa, ya tambayi iyali da aiki da gajiya, sai ya ja ni gefe.

"Malam Isufu, lahiya dai ko?"

"Lahiya lau, Alhaji."

"To, ni dai na gan ka da idona kana cizon tukunyar Nasara. In yunwa ce ka hwaɗi, gidana ba shi da nisa."

Da azumi ya zo kuma sai abin ya dame ni da kaina, na je na tambayi liman. Ya ce, "Kana haɗiye wani abu?" Na ce a'a. Ya ce, "Azuminka na nan, amma don Allah ka riƙa jan labule."

Haka muka yi shekaru. Gaston ya rasu, 'yarsa Madam Silvi ta karɓi wurin. Mace ce mai gaskiya, ba ta da yawan magana.

Mummunar shekarata ta fara ne da safiyar wata rana da aka kwana ana ruwa. Ina saukowa daga bayan kamiyo, hannuna babu komai, alhamdu lillahi, sai santsi ya kwashe ni, bakina ya daki gefen ƙarfen. Leɓena na sama ya tsage, haƙoran gaba biyu suka tafi. Aka ɗinke leɓen, likitan haƙori ya dasa mini sababbi, farare tas. Matata ta ce na koma saurayi. Ranar da na dawo aiki na ɗauko wani tsohon tulu da muke ajiye da shi don koyarwa, wanda na san gyaransa kamar tafin hannuna, na kai masa baki. Ban ji komai ba. Gilashi da gam duk ɗaya. Na gwada na ƙasa, haɓa ta tokare, kuma su dama ba su taɓa koyon aikin ba. Ban tsaya ɓoye-ɓoye ba, na je na gaya wa Madam Silvi a ranar.

Ta ce kada in damu, akwai fitila. Wata fitila ce mai shuɗin haske, in ka haska tulu a ɗaki mai duhu, inda aka gyara sai ya fito da launi dabam. Ba zan zage ta ba, fitila ce mai amfani, ta cece mu sau da yawa. Amma masu gyara na zamani su ma ba barci suke yi ba, suna da wani shafe da ke ɓoye mata. A bazarar nan muka kai wani dogon tulu shuɗi wurin wani babban dillali. Na haska shi sama da ƙasa, fitila ta ce lafiya. Na ɗaura masa ɗamara a wuya. Da aka buɗe akwatin, wuyan yana kwance gefe guda, ya rabu daidai kan wani tsohon gyara. Kasuwar tsofaffin kaya kuwa ƙauye ce, kafin mako ya zagayo kowa ya ji mutumin Gaston ya rasa bakinsa.

Waya ta daina bugawa. Muka koma ɗaukar kujeru da kabad-kabad. Da furfurata na wayi gari ina hawa bene da katifa a ka, aikin da na baro a Rungis ya biyo ni. Ba ƙarfin ne ya fi ci mini rai ba, a'a, in wuce ta gaban tulu a gidan mutane in kawar da kai.

Da sanyi ya kama sosai Madam Silvi ta kira ni ofis. Ta ce, "Isufu, an ba mu tulu ɗaya a Lyon. Mai shi ba 'yar kasuwa ba ce, ba ta ji labarinmu ba. In ya iso Paris lafiya, mu ci gaba. In bai iso ba, mu bar wa wasu tulu, mu tsaya a kujeru." Na ce ta yi adalci. Na kuma san in aka tsaya a kujeru, ba da ni za a tsaya ba, bayana ba zai kai wata shekara ba.

Muka tafi da Hamadu, ɗan Garwa, direbanmu kuma kafintanmu. Gidan yana kan tudun da masaƙan siliki suka zauna a da, matakala ce kan matakala. Mai tulun wata tsohuwa ce, Madam Odet, za ta koma wurin ɗanta a Paris. An riga an kwashe kayan gidan, an kashe shofaj, injin ɗumama ɗaki, tana zaune kan kujera ɗaya da ta rage cikin babbar rigar sanyi. In ka yi magana hayaƙi ke fita daga bakinka. Tulun yana tsaye a kusurwa, kore, mai siffar gora, tsayinsa ya kai gwiwata, da hannaye biyu da aka murɗa kamar yaɗon wake. Kakanta ne ya gina shi, ga tambarin yatsansa a gindi.

Na ce, "Madam, an taɓa gyara shi?"

Ta ce, "A gabana ya tsufa, tun ina yarinya. Ko ƙwarzane bai taɓa yi ba."

Na rufe tagogi na haska fitila, ba ta nuna komai ba. Na bi shi da farce, babu. Na zura madubi da tocila ta ɗan siririn wuyan, ban ga komai ba sai ƙurar shekaru. Hamadu ya gama awo, yana tsaye da zarto. Ya ce, "Baba, ina za mu sa ɗamarar?" Kowane mai ɗauri zai ce a kafaɗa, ƙarƙashin wuya, nan ne ya fi kama hannu. Na buɗe baki zan ce kafaɗa, sai na fasa.

Ban san lokacin da na durƙusa na kai masa baki ba, sabo ne kawai. Haƙoran roba ba su ce komai ba, dama na sani. Amma tun da aka ɗinke leɓena ba ya janyewa sama yadda ya saba, sai ya taɓa jikin tulun. Sanyi ƙarara, kamar na sa baki a randar da ta kwana a waje. Na ci gaba da bi a haka. Ina kaiwa kafaɗa sai sanyin ya yanke. Wuri ɗan siriri, faɗin yatsa, ba zafi ba ne, amma ba ya cizo kamar sauran. Na koma baya, sanyi. Na dawo, babu. Na rufe ido na bi layin nan da leɓe, ya tashi daga gindin hannun hagu, ya zagaye rabin kafaɗar. Yumɓun da ya sha wuta yana riƙe sanyi, gam da fenti ba sa riƙewa. Duk shekarun nan ina janye leɓe don kada ya taɓa, ashe yana da nasa karatun.

Ban yarda da kaina ba tukuna. Na ɗaura auduga a bakin waya, na zura, na goge cikin kafaɗar daidai wurin, na sake zura madubi. Ga shi nan, layi siriri ruwan ƙasa, tsohon gam.

Na ce, "Madam, an taɓa gyara shi."

Ta taso da sandarta, ranta a ɓace. Na riƙe mata tocila ta leƙa madubin. Ta daɗe tana kallo. Sai kawai ta fashe da dariya, ta ce, "Rone!" Ashe sunan marigayi mijinta ke nan. Ta ce akwai shekarar da ya nace wai wasu masana suna son ɗaukar hoton tulun, ya fita da shi, bai dawo da shi ba sai bayan watanni. Hoton kuwa ba ta taɓa gani ba. "Ya mutu bai gaya mini ba, ɗan banzan," in ji ta, tana dariya tana share hawaye da hannun riga.

Muka sa ɗamara a ƙugu da tsakiyar ciki, muka bar kafaɗar tana shawagi cikin dunƙulen takarda, babu abin da ya taɓa ta. Hamadu ya tuƙa mu kamar mai ɗauke da jinjiri, manyan motoci suna ta wuce mu. Ni ko ruwa ban iya sha ba a hanya. Washegari muka buɗe akwatin a gidan ɗan tsohuwar, Madam Silvi tana tsaye. Na cire murfi, na zare takardun ɗaya bayan ɗaya. Tulun ya fito da kafaɗarsa. Na ce alhamdu lillahi a fili.

Da muka koma wurin aiki ta ce in nuna mata yadda na yi. Na ɗauko tulun koyarwa, na sa leɓe a inda na san gyaran yake. Ban ji komai ba. Na sake. Ko'ina ɗumi ɗaya. Ita ma ta gwada, ta girgiza kai. Wallahi a lokacin na ji duniya ta yi mini duhu, na ce to, ashe dace ne na yi a Lyon, dace kuma ba sana'a ba ne. Na ajiye tulun, na fara kwance igiyar rigar aikina.

Madam Silvi ta dubi tulun, ta dubi kusurwar da shofaj ɗinmu yake ta hura mana zafi. Ta je ta kashe shi, ta buɗe tagogin duka, iskar sanyi ta shigo har takardu suna tashi. Alhaji Mahamat daga shagonsa yana leƙen mu, ya ga mutum biyu zaune cikin rigunan sanyi sun sa tukunya a gaba. Hamadu ya kawo mini shayi, ta karɓe, ta ce kada ya ɗumama mini leɓe. Muka zauna har yatsuna suka fara ƙagewa. Sannan ta nuna tulun da haɓa.

Na sunkuya. Sanyi, sanyi, sanyi, sai ga layin nan ya fito a leɓena sarai, daga bakin tulun har cikinsa, daidai inda na san shi tun zamanin Gaston. Na ɗago na gyaɗa mata kai. Ta ce, "To, ɗaure rigarka." Ta tafi ta zare wayar shofaj daga bango, ta naɗe ta, ta sa a aljihun tebur.

Har yau ba a sake kunna shi ba. Ni da na baro Damagaram ina tsinewa sanyin ƙasar nan, yanzu da riga biyu da hula nake aiki, in na shigo da safe na ji ɗakin ya kwana da sanyi, sai in ce madalla.